Abin da Injiniya Ya Fara Kwafa

Yayanmu bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, amma Injiniya muke ce masa, don shi ya raɗa wa kansa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin bene: injin kwafi mai yawan cin takarda, kwamfuta mai tsagaggen allo, da kujera mai juyawa wadda ba mai hawa sai shi. Sana'arsa buga takardun neman aiki da hoton fasfo. Amma in ya fara bayani, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro lantarki.

Bayan rasuwar Inna ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe hotunanta da saƙonnin muryarta daga wayoyinmu, ya zuba a kwamfutarsa, ya goge namu, wai waya ba wurin ajiya ba ce. Muka ce ya kyauta. Daga baya muka gane wayon: duk mai kewar Inna sai ya je shagon, ya gaishe shi a tsaye, ya jira ya gama juyi a kujera.

Da kwamfutar ta fara mutuwa tana farfaɗowa, ya sayo faifan ajiya, irin wanda ake jonawa ta waje, a hannun wani mai tebur a bakin titi. Autarmu, wadda adana bayanai ne aikinta a ofis, ta ce kada ya yi gaggawa. Ta ce ya yi wa faifan fomatin, wato ya share shi ya daidaita, tun yana wayam, ya cika shi taf da tarkacen da ba ya so, ya zare, ya sake jonawa, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Kuma kada ya taɓa na kwamfutar sai ya tabbatar.

"Ke da aka haifa a gabana?" in ji shi.

Fomatin ɗin dai ya yi, don akwai masu jira a shagon, kuma layin da ke tafiya a allo yana burge mutane. Gwajin ne ya ƙi. Gwaji na nufin Auta ta san wani abu. Ya kwafe komai, ya ga sunayen folda sun jeru, ya wanke kwamfutar tas a ranar.

Bayan mako Goggo, ƙanwar Inna, ta zo jin muryar 'yar'uwarta. Ya jona faifan da yanga, ya danna. Shiru. Ya danna na gaba. Sunaye na nan reras, ciki ba kowa. Ya zagi waya, ya zagi lantarki, daga ƙarshe aka kira Auta.

Ba ta daɗe tana dubawa ba. Faifan jabu ne: girman da ke kan kwali ƙarya, cikinsa ɗan mitsitsi. Abin da aka fara zubawa ya zauna, sauran suna kawai ya ɗauka. Goggo ta tambaya me aka fara zubawa.

Auta ta buɗe. Injiniya ne da laktaye. Injiniya a kujera. Injiniya riƙe da waya, yana kallon nesa. Hoto ɗari huɗu, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Foldar Inna ita ya kwafa a ƙarshe.

Goggo ta gyara zama a kan benci, ta ce, "To, ci gaba da nuna mana, ɗana. Tunda kai ka rage."