Na Ƙi Gwajin Yawu Saboda Azumi

A lokacin da gadar kan iyaka ta garinmu Gaya ke buɗe, ni direban kamiyo ne, ina ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Yamai. Ko sigari ban taɓa sawa a bakina ba, goro ne kaɗai abin taunata. Shi ya sa direbobi ke ce mini Malam, ni suke turawa gaba in sallah ta riske mu a bakin duwan, inda ake binciken kaya. Ba zan ɓoye ba, sunan nan yana yi mini daɗi, har kaina ya fara girma.

Wani watan azumi kamfaninmu ya kawo wata ma'aikaciyar lafiya ta auna direbobi, saboda shan ƙwaya ya yi yawa a hanya. Ta ce gwajin iri biyu ne, ko a sa ɗan tsinke mai auduga a baki ya jiƙe da yawu, ko mutum ya ba da fitsari a 'yar kwalba. Ta fara bayyana bambancinsu ke nan na katse ta, na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce mai azumi ba ya cusa komai a bakinsa. Ta ce ai ba haɗiyewa ake yi ba, ta kuma tambaya ko akwai wanda ya sha magani kwanan nan. Ban ko dube ta ba, na karɓi kwalba na zaga baya ina taƙama. Na manta sam cewa 'yan kwanaki kafin nan an cire mini haƙori a likita, an ba ni maganin ciwo, na sha kaɗan na ajiye.

Nawa ne kaɗai ya nuna ƙwaya. Sauran duk yawu suka bayar, har waɗanda na san suna afawa in tafiya ta yi nisa, kuma duk suka fita fes don sun kwana biyu suna hutu a gida. Patron, mai kamfaninmu, ya karɓe makullin motata a gaban jama'a. Babu wanda ya zage ni, da ma zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. In na iso majalisa sai hira ta mutu, in an tada sallah sai wani ya shige gaba ba tare da ya waiwayo ba. Na koma shan ruwa ni kaɗai a bakin kogi, da dabinona a aljihu, ina kallon masunta suna janyo jiragensu. Ranar da matata ta tambaye ni a hankali, kanta a ƙasa, ko gajiyar hanya ce ta sa na fara, wallahi na yi kuka kamar yaro.

Sai da aka sake aunawa a Yamai, aka haɗa da takardar likitan haƙori, sannan gaskiya ta fito. Can ne wani likita ya bayyana mini abin da na ƙi saurara: yawu yana kama abin da aka sha yau ko jiya ne, fitsari kuwa yana riƙe abu ya daɗe, kuma gwajin farko ba ya raba maganin likita da na ɗan maye. Patron ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya miƙo mini makullina yana ba ni haƙuri.

'Yan'uwana direbobi, in an zo auna ku, ku bar mai aiki ya gama bayani. Ku faɗi duk maganin da kuka sha, ko na tari ne, kuma kada son a gan ku ya yi muku zaɓi. Ni dai aikina ya dawo, amma sunana bai dawo ba. Sakamakon farko duk Gaya ta ji shi, na biyu kuwa daga ni sai patron sai matata.