Alhaji Tanko a Cikin Bokitin Katafila

Akwai wata Laraba a watan Maris da ban taɓa mantawa da ita ba. Tun da kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake korar duk wanda na gani ya hau bokitin katafila, ko da wasa, to ku zauna ku ji. Zan faɗa muku bi da bi, kada kowa ya katse ni.

A lokacin ina babban makanike a wani kamfanin gyaran hanya, muna aiki a bayan garin Garwa, wajen hanyar Pitowa. Ga wanda bai san tsarin ba, mutum uku ne ke riƙe da wurin aiki irin wannan. Akwai shef shantiye, wato shugaban wurin, shi ke ba da umarni. Namu sunansa Misye Andre, mutumin kudu ne, ba shi da mugun hali sai dai ba ya son hayaniya. Akwai direban katafila, namu Matiyas, ɗan duwatsun Mokolo, hannunsa a kan liba kamar na mai ɗinki. Sai ni, Isiyaku, mai kula da lafiyar inji. Katafilar kuwa mai haƙa ce, mai dogon hannu da bokiti a bakinsa.

Mun haƙa ramin kwalbati mai zurfi, ya fi tsayin mutum biyu, ƙasansa akwai taɓo. Ramin ya ratsa kusa da burtalin da shanu ke bi zuwa kasuwa. Ranar nan da hantsi aiki a tsaye yake, domin motar da ke kawo mana gazal, wato man dizal, ba ta iso ba, abin da ya rage a tankin katafila kaɗan ne. Muna zaune a inuwar tirela sai muka ji ihu da Fillanci. Garken wani dattijo, Bappa Hamadu, ya zo wucewa, gefen ramin ya zabtare da babban bijiminsa.

Bijimin ja ne, ƙahonninsa kowanne ya kai tsawon hannuna, sunansa Boɗeri. Shi ne jagoran garken, Bappa ya rene shi tun yana ɗan maraƙi. Muka leƙa muka gan shi kwance a gefe ɗaya cikin taɓo, ya miƙe wuya, ido ya juye, ba ya motsi sai numfashi sama-sama.

Kun san dokar. Dabba in ta mutu ba a yanka ta ba, ta zama mushe, babu mai ci, babu mai saye. Shi ya sa labarin faɗuwar sa yakan riga kowane labari isa mayanka. Ba mu gama shawara ba sai ga Alhaji Tanko mahauci a bayan moto, wato babur ɗin haya, wuƙa a kube, rigar aiki a jikinsa. Alhaji Tanko ƙato ne, in ya hau moto ba ka ganin direban.

Ya leƙa ramin ya ce, "Bappa, wannan ya tafi. A bar ni in sauka tun da sauran numfashi."

Bappa Hamadu ya ce, "Bai tafi ba. Fushi yake yi. Na san shi."

"Fushi da ido a juye? Ni na ga ƙarshen shanu fiye da kai, Bappa. Kai farkonsu kake gani."

Ni na kawo tsari. Na ce a matsar da katafila can ƙarshen ramin, Matiyas ya sassare ƙasa ya yi gangara, in bijimin na da rabon tashi ya hau da ƙafarsa. Kowa ya yarda. Amma Alhaji Tanko ya ce kafin a gama gangara ran sa zai iya fita, dole wani mai wuƙa ya kasance kusa da wuyansa. Aka ce Bappa ya sauka da kansa. Tsohon ya dubi hannunsa ya ce, "Wannan hannun ba zai iya ba." Daga nan suka ƙulla sharaɗi: Alhaji zai sauka, amma ba zai zare wuƙa ba sai Bappa ya ce masa bismilla daga sama.

Saura yadda zai sauka. Tsaninmu bai kai ba, igiya kuwa babu wanda ya yarda ya riƙe Alhaji da ita a bakin ƙasar da ke zabtarewa. Sai wani daga cikin 'yan moton da suka taru kallo ya ce a zura shi a bokiti.

Na je wurin Misye Andre na ce, "Misye, abu biyu. Na ɗaya, bokiti na ƙasa ne, ba na mutum ba. Na biyu, gazal ya yi ƙasa, in katafila ta karkata a bakin rami za ta iya shaƙar iska."

Ya dubi taron, ya dubi Bappa da ke tsugune yana kiran sunan bijiminsa, ya share gumi ya ce, "Shef Isiyaku, sau ɗaya kawai. A sauke shi, a ɗago bokiti, shi ke nan."

Na ce, "Na ji, Misye. Amma na faɗa."

Alhaji Tanko ya tattare riga ya shiga bokiti ya zauna kamar mai jiran a kawo masa shayi. Har yana ɗaga wa 'yan moto hannu. Matiyas ya matso da katafila bakin rami, gabanta ya ɗan duƙa, ya fara sauke hannu a hankali. Bokiti ya wuce rabin rami, sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ku lura da inda abubuwa suke a wannan lokacin. Alhaji na rataye a tsakiya. Sama ta yi masa nisa, hannun katafila kuma duk santsin mai ne, mai jikinsa ba ya hawa. Ƙasa kuma ga bijimi.

To, rigar Alhaji rigar mayanka ce. Mu ba mu jin komai, amma hancin sa ba irin namu ba ne. Boɗeri ya buɗe hanci ya ja iska. Kunnensa ya motsa. Idon da ya juye ya dawo daidai. Kafin a ce wani abu ya yunƙura, ya durƙusa, ya miƙe tsaye a kan ƙafa huɗu, ya yi wani huci da ya watsa taɓo, ya kai wa gindin bokiti ƙaho, ƙarfe ya ce ƙwal.

Bappa Hamadu ya yi tsalle kamar saurayi. "Ban gaya muku ba? Fushi yake yi!"

Daga cikin rami muka ji muryar Alhaji ta sirance. "Matiyas! Ɗan'uwana! Ɗago ni!"

Matiyas ya leƙo daga kujera ya ce, "Alhaji, ba wuta. Ko maƙogwaronka zai tsage ba ta ji sai Shef Isiyaku ya yi mata magani."

Akwai kuma abu na uku da ni da Matiyas kaɗai muka sani. Robar da ke riƙe mai a cikin silindar hannun ta tsufa, mun aika a kawo sabuwa daga Duwala ba ta iso ba. In inji na aiki ba a lura. In ya mutu da nauyi a bokiti, hannun yakan riƙa sauka da kansa kaɗan-kaɗan. Alhaji Tanko kuwa nauyi ne. Akwai wata saiwar itace da ta fito a bangon ramin daidai kafaɗarsa. Jim kaɗan sai wani ɗan moto ya ce, "Kai, saiwar nan ta koma daidai hularsa!" Taro ya ɗauka. Alhaji ya dubi saiwar, ya dubi ƙahonni, ya fara salati da ƙarfi.

Injin gazal da ya shaƙi iska ba a tayar da shi da murɗa makulli. Duk wanda ya yi ta murɗawa batir zai kashe, ya ƙara wa kansa aiki. Akwai tsari. Na farko, a ƙara mai a tanki. Na biyu, a zubar da ruwan da ya taru a ƙasan filta. Na uku, a sassauta ƙaramin noti na fitar da iska. Na huɗu, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, mai ya fito tsantsa. Na biyar, a ɗaure noti. Sannan makulli.

Misye Andre da kansa ya ruga wajen janareta ya zuƙo gazal a jarka, ya dawo farar rigarsa duk mai. Na buɗe murfin inji na fara.

Alhaji ya yi kira, "Malam Isiya, kana ina?"

Na ce, "Ina kan na biyu."

"Su nawa ne?"

"Biyar."

"Don girman Allah tsallaka zuwa na biyar!"

Na ce, "Alhaji, kai kana fara fiɗa kafin yanka?"

Sai ga hannunsa ya tafi wajen kube. Bappa Hamadu ya gani, ya daka tsawa, "Tanko! Na ce bismilla?"

"Bappa, kashe ni zai yi!"

"Ba zai kashe ka ba in ka ji maganata. Jefo wuƙar nan sama."

Alhaji ya jefo ta da kubenta.

"Yanzu tuɓe rigar. Warinta yake ji."

"A gaban jama'a?"

"Jama'a ba su da ƙaho."

Riga ta fito, hula ta biyo ta. Alhaji Tanko, wanda in ya shigo kasuwar shanu dillalai ke miƙewa, ya rage daga shi sai singileti da wando. Bappa ya kwance bakin zanen da ke kafaɗarsa ya ciro ƙullin kanwa ya jefa masa cikin bokiti. Ya ce, "Ɗora a tafin hannu ka miƙa. Kada ka dube shi cikin ido. Ka ce, sese Boɗeri, sese."

Sese da Fillanci a hankali ke nan. Alhaji na jin Fillancin ciniki sarai, amma bai taɓa lallashin sa ba a rayuwarsa. Ya miƙa hannu, ya ce, "Sese, Alhaji Boɗeri. Sese, ranka ya daɗe."

'Yan moto suka kwanta da dariya. Ni ban yi ba, ina kan na huɗu, kumfa na fita.

Lokacin bokiti ya sauko har bakinsa ya yi daidai da hancin bijimin. Boɗeri ya yi huci sau ɗaya, ya sansana hannun, ya fito da harshe ya lashe kanwar. Ya gama da ita ya lashi tafin. Ya bi hannun har kafaɗa. Da ya ji gishirin gumi ya fi yawa a sama, sai ya kama lasar sanƙon Alhaji, harshen nan mai kaushi yana ta kai da komo. Alhaji ya rufe ido yana cewa sese. Bappa ya ce ya sosa masa ƙarƙashin wuya, ya sosa. Wurin da ya zo ya sa wa wuƙa, nan ya yi ta susa da yatsunsa.

Mai ya fito tsantsa, na ɗaure noti. Kafin in ba Matiyas izini na je bakin rami na ce, "Alhaji, inji zai yi ƙara. Kada ka daina susa." Ya ce, "Ko kai ka ce in daina ba zan daina ba." Matiyas ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya murɗa. Ta yi tari, ta yi baƙin hayaƙi, ta kama. Bijimin ya zabura amma bai kai duka ba. Matiyas ya ɗago bokiti a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, ya juya ya ajiye Alhaji a kan ƙasa.

Daga nan muka koma kan tsarin farko. Matiyas ya sassare gangara, Bappa ya tsaya a samanta ya yi kira sau ɗaya, Boɗeri ya hau yana ɗan ɗingishi. Garken da ya ƙi tafiya tun safe ya bi bayansa. Tsohon ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce useko, wato na gode, ya yi wa Matiyas haka. Ya miƙa wa Alhaji wuƙarsa ya ce, "Ka iya kiwo, Tanko. Ka ɓata kanka a fawa."

Alhaji ya sa riga, ya gyara hula a kan sanƙon da ya yi ja. Ya kai bakin moto sai ya dawo. Ya ce, "Bappa, alfarma ɗaya. Duk ranar da ka yi niyyar sayar da shi, ka sa shi a motar kudu. Kada ka kawo shi mayankarmu. In ya shigo, ni fita zan yi."

Mun yi sauran watannin aikin a wurin, kuma duk ranar da garken zai wuce sai mu ga Alhaji ya zo duba kwalbati, wai yana son ya ga yadda aiki ke tafiya. Aljihunsa kullum da kanwa.

Abin da na ɗauka daga ranar nan uku ne. Na ɗaya, bokiti na ƙasa ne. Misye Andre da kansa ya sa aka rubuta haka da jan fenti a hannun katafilar, da Faransanci da Hausa. Na biyu, in ana ihu a kanka kada ka tsallake mataki, domin da na tsallake da batir ya mutu, Alhaji ya sauka har ƙasa. Na uku kuwa ba a makarantar makanikai na koya ba. Kowannenmu ya san abin da yake aiki a kansa ta gefe ɗaya ne kawai. Alhaji ya yi rayuwarsa cikin shanu, amma sai da inji ya mutu da shi a rami ya san akwai inda ake sosa su. Ni ma tun ranar, kafin in sa sifana a jikin inji, nakan tambayi direbansa halinsa.

Yanzu ku tashi. Wancan da ke zaune a bakin bokiti yana cin gyaɗa, sauko.