Moton da na haɗa wa maƙerar Yaya

A gidanmu na Hunkuyi kowa maƙeri ne sai ni. Ni tun ina yaro na gane guduma ta fi ni nauyi, na gudu Makarfi na koyi gyaran fanka da rediyo. Har yau in na zo gida ana tsokana ta da Injiniya, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi, har in gyara zaman hula.

Yayana ne ke riƙe da maƙerar. Mai yi masa zuga kuwa Baffa ne, ƙanin mahaifinmu. Idanunsa sun yi rauni, ya daina ƙira, amma hannuwansa a kan zugazugai kamar an haife shi da su. Da kunne yake sanin wuta ta yi. A wurin yake yini, a wurin ake kawo masa fura, manoman da suka zo ɗaukar fartanya kuma sai sun durƙusa sun gaishe shi kafin su kalli Yaya.

Wata shekara gab da damina aiki ya yi wa Yaya yawa, garemani sun taru har ƙofa. Na ce masa ai wannan wahalar ta mutanen da ce, ya bari in haɗa masa moton lantarki da fanka mai hura wuta. Na rantse masa iskar da zai samu za ta iya narkar da tirela. Baffa yana zaune yana ji. Ni kuma ban tambaye shi ba.

Na samo tsohon moton famfon ruwa, na ɗaura masa fanka a cikin gwangwani, na jawo bututu zuwa bakin murhu. Na feƙe wayoyi da haƙori, na haɗa kafasita, na naɗe da salatif, ina yi ina wa 'yan kallo lacca. Da na kunna, sai moton ya juya da baya. Maimakon ya hura, sai ya zuƙo toka da hayaƙi ya feso mini a fuska. Na fito fari fat kamar an tono ni daga buhun gari.

Baffa ya yi dariya har da tari. Ya laluba ya jawo zugazugansa, ya tayar da wutar nan take.

"Injiniya, je ka wanke ido," in ji shi. "Mu ci gaba da namu na jahilai."

Yaya ma ya ce a bar shi kawai, ba dole. Da na bari a nan, da shi ke nan. Amma dariyar ta tsaya mini a wuya. Na kwance salatif, na sauya wayoyi biyu na kwayil ɗin tayarwa, na sake kunnawa. Gawayi ya yi ja, ya koma fari, ƙarfe ya yi laushi kafin Yaya ya gama ɗaura zanen aiki. Mutane suka yi ta salati. Na juya in rama tsokanar, sai na ga Baffa ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya karkata kunne yana sauraron ƙugin moton.

A ranar na gane abin da na yi, sai na nemi dabara. Na ƙara waya, na kafa makunnin a jikin ginshiƙi daidai inda Baffa yake zama, na ce ai babu mai kunnawa da kashewa sai shi, tunda shi ya san wuta. Ya zo na 'yan kwanaki. Wata safiya ya danna, ya ce mini a hankali, "Ɗan nan, wannan ko akuya ta jingina da shi zai kama." Daga nan ya daina zuwa.

Yanzu a zaure yake yini, manoma kuwa ta bayan gida suke bi su je maƙera. In na zo na durƙusa, sai ya tambayi iyali, ya tambayi Makarfi, sannan ya tambayi lafiyar moton, ba da gatse ba. Nakan so a ce moton ya ƙone. Amma na haɗa shi da kyau, sai in ce masa lafiya lau.