Goggo Adawiyya da Bayan Kabet Ɗina

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, bayan azahar, aka bugo mini waya daga Tsiga cewa Goggo Adawiyya mai daddawa, ƙanwar mahaifina, ta rasu.

Goggo, masu zuwa gaisuwa sun faɗi azuminki da kyautarki, kuma gaskiya suka faɗa. Ni hancinki zan yi wa shaida.

Damina uku 'yata Naja'atu tana tari, ƙirjinta na kuka kamar ɗan kyanwa. Asibiti a nan Funtua suka ce asma ce, suka ba ta abin shaƙa. Ta ji sauƙi, ta dawo ɗaki, abu ya dawo. Mun yi tofi, mun ba ta zuma. Wani ɗan wari da ɗakin ke yi kuwa, kullum sai in rufe taga in turnuƙe shi da turaren wuta, kada baƙi su ce ni ƙazama ce.

Sai kika kawo daddawa kasuwa, kika biyo. Ba ki gama amsa gaisuwata ba kika ɗaga hanci.

"Uwa, me ya mutu a ɗakin nan?"

Allah Ya yafe mini, a raina cewa na yi: yau mai daddawa ce ke ƙorafin wari.

Kika bi hancinki har gaban kabet ɗin jerena, wanda shekara ashirin da ɗaya ko motsi bai yi ba.

"Tun da aka kawo ki ba a taɓa jan wannan ba?"

"Goggo, ai ke kika jera shi."

"To ni zan rushe abina."

Kika ci ɗamara da gyale, kika sa maigidana Malam Shitu ya kama gefe guda sanye da farar rigarsa, kuka ja kabet ɗin. Bangon baya ya yi baƙi da kore, fumfuna har tsayin ƙirji, sai danshi yake. Kika tura Naja'atu maƙwabta, kika sa aka kankare aka wanke, mai filasta ya shafe bangon, kika sa Malam ya hau saman kwano ya gyara indararon da ke zuba a jikin bango. Kwanukan da ban taɓa cin abinci a ciki ba kika baje su tsakar gida, matan unguwa na leƙe. Tangaran biyu suka fashe.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na yi fushi, Goggo. Sati biyu ban kira ki ba, alhali tun a makarantar allo aka gaya mana kada gaba ta wuce kwana uku. Naja'atu ta samu numfashinta, bana ko sau biyar ba ta nemi abin shaƙa ba. Na gode wa likita, na gode wa mai filasta, ke kuwa na ce sai Sallah. Da Sallar ta zo kunya ta riƙe mini baki, ke kuma abin da kika tambaya kawai: "Ana buɗe taga?"

Na gode, Goggo. Na makara, na sani.

Maharazu da Mahadi, Allah Ya ba ku haƙurin rashin uwa. In ta taɓa yi muku ƙorafina, ku gaya mini in nemi yafiyarku a madadinta. In kuma ba ta yi ba, to ta fi ni, kamar kullum.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.