Ƙafafun Jirginmu Sun Mutu, Na Kai Shi Deale

Mun tashi bayan sallar asuba daga Hyattsville ta jihar Maryland, Alhaji a gaba da babbar a-kori-kurarsa yana jan tirelar jirgin ruwanmu, ni a baya cikin 'yar motata da fitilun gargaɗi a kunne. Alhaji dattijo ne ɗan Kumasi, a masallaci muka saba, shi kaɗai na sani mai motar da za ta iya jan wannan kaya. Na ce mun tashi, amma gaskiya ni kaɗai ne a mota. Tun daga babban titin Beltway har muka sauka babu abin da nake kallo sai bayan jirgin da ƙafafunsa biyu da suka yi tsatsa suna rawa a kan kwalta.

Ga wanda bai san harkar ba: injin irin wannan jirgi a ciki yake, sai wani ƙarfe ya ratsa bangon baya ya leƙa ruwa, a jikinsa farfela take. Shi ake ce wa ƙafa. Namu biyu ne, kuma kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da rufewa, ko robar da ke hana ruwa shiga ba ka samu. Mu huɗu muka haɗa muka sayi jirgin lokacin korona, duk Asabar muna kan kogin Potomac da tukunyar dafa-duka. Yanzu ɗaya yana Houston, ɗaya ya koma Abuja, ɗaya yana nan Sterling amma ya yi aure an haihu. Jirgi ya shekara biyu a bayan gidan Alhaji, ganye na taruwa a ciki.

Sai na yi tunani irin namu. A kasuwar Ƙofar Ruwa ban taɓa jin bakanike ya ce babu ba. Injin wata mota zai ɗauko ya dasa wa wata, ya yi walda, ya buga guduma, ka tayar ka tafi Zariya. Na shiga intanet na sayi ƙafafu biyu na hannu na wani kamfanin da ke raye, na loda su a bayan motar Alhaji, na ɗauka aikin kwance noti ne da ɗaure noti.

Muna wuce Upper Marlboro gari ya ƙare. Gonakin masara an girbe, tsofaffin rumbunan taba na katako sun karkace, kabewa jibge a bakin titi babu mai tsaro, akwati ne kawai ka jefa kuɗi ka ɗauka. Na yi dariya ni kaɗai, na juya zan ce wa wani ya duba, kujera ce babu kowa. Man fetur ya fi na wajenmu sauƙi kaɗan. A gidan man Alhaji ya miƙo mini robar wake da shinkafarsu ta Gana da baƙin yaji ta taga, waya maƙale a kunne yana faɗa da wani a Kumasi kan bulo. Hirarmu ta hanya ke nan.

Garejin jiragen yana bakin ruwa a Deale, warin gishiri da man fetur ko'ina. Mai wurin dattijuwar Baturiya ce, hannunta kamar na maƙeri. Ko kallon sababbin ƙafafuna ba ta yi ba. Ƙaramar guduma ta ɗauko ta fara ƙwanƙwasa bangon bayan jirgin tana saurare, kamar mai zaɓen kankana a kasuwar 'Yan Lemo. Sama yana ƙara tas. Ƙasa kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi katifa. Ta ce katakon da ke cikin faibar, wato robar jikin jirgin, ya sha ruwa ya ruɓe.

Sannan ta nuna mini wautata. Tsohuwar ƙafa ramin da take bi babba ne, kaina zai shige. Sabuwar kuma 'yar ƙofa take so, mai siffar ramin makullin kwaɗo, da ramukan noti a wani wajen daban. Sai an fitar da injuna biyun, an yanke bangon gaba ɗaya, an gina sabo, sannan a huda. Aikin damuna guda, wato hunturu guda a nan. Ko kuma in bar mata jirgin ta kwance abin da zai yi amfani, sauran a kai bola. Ta ce wuri ɗaya ya rage mata a rumfa kafin sanyi, tana son amsa kafin ta tashi ƙarfe uku.

Alhaji ya leƙa ramin ya ce, "Ɗana, a Kumasi da tayar mota za mu toshe shi, mu yi Fatiha mu shiga."

Na ce, "Baba, a nan in ya nutse har tara za su ci mu."

Ya yi dariya, ya kwance tirela, ya sauke sababbin ƙafafun, ya ce yana da aiki ƙarfe ɗaya a gidan tsofaffi. Ya tafi.

Na ɗauki hoton ramin na tura guruf ɗinmu na mu huɗu, na rubuta duk bayanin, na ce me za mu yi. Na kira na Houston, yana asibiti bai ɗauka ba. Na Abuja layi bai shiga ba. Na Sterling ya turo hoton babban yatsa. Na tambaye shi yatsan na a gyara ne ko na a jefar, ya karanta, shiru.

Na shiga wani ɗan gidan abinci na sa aka kawo ƙaguwa, tunda kowa ita yake ci. Suka shimfiɗa takarda, suka ba ni gudumar katako. Tsada kamar me, nama kuma sai ka yi bincike. Teburin kusa da ni iyali ne har da kaka, yara suna koya wa juna fasawa. Na ci biyu na haƙura. Na yi azahar a ƙarshen gadar katako, tsuntsayen ruwa suna ta ihu a kaina, na zauna na daɗe ina duba waya.

Ƙarfe uku saura na koma na ce mata ta yanke bangon. Ta ɗauko alƙalami mai kauri ta ja layi a bayan jirgin daga gefe zuwa gefe. Tana rubuta takarda ta ce ranar gwaji, wajen watan Afrilu, in zo da mutum ɗaya wanda zai riƙe igiya a gada, ba ta barin kowa ya fita shi kaɗai da sababbin ƙafafu. Ta nuna layin da zan sa sunansa. Na ce zan turo mata daga baya.

Na dawo gida kafin magariba, hanya fayau, ban ma kunna rediyo ba. Abin da na koyo, kafin ka sayi ƙarfen wani kamfani ka fara auna ramin da ke jikin naka jirgin, kuma dabarar Ƙofar Ruwa a tudu take aiki. Takardar tana nan kan firij, layin babu suna.

Ku da ke Maryland da Virginia, aikin bai wuce riƙe igiya ba, ba sai ka iya iyo ba, rigar hana nutsewa ina da ita har huɗu. Sunan wa zan rubuta?