Sallamar Kofur

Ina wanke wa Baba ƙafa a tsakar gidanmu na Gomari aka yi sallama a ƙofa. A lokacin an yanke layukan waya a Maiduguri, kowane labari da ƙafa yake zuwa ko a kan keke. Surukin Kofur ne, ya taso tun daga unguwar Fezzan, gumi ya jiƙa masa riga. Ya durƙusa ya ce Kofur ya cika bayan asuba, za a kai shi bayan azahar.

Baba ya yi salati. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke cikin kwano, sannan ya ce, "Ɗauko mini hulata da lambobina."

Kofur abokin mahaifina ne tun yaƙin Burma. Baba yakan ce ba kama su aka yi ba, da ƙafarsu suka je suka shiga soja, shi yaron ɗan kasuwa daga Fulanin Kano, Kofur kuwa Babarbare ɗan gari. Sun haye teku tare, sun dawo tare. Ina yaro, 'yan mazan jiya irinsu suna da yawa a garin. Sukan taru a zauren ƙungiyarsu su sha shayi, su yi ta gardama kan wane ne ya fi tsoron matsattsaku a dajin can. Suna da wata al'ada da suka taho da ita. A daji, in mutum ya faɗi, ba likkafani, ba lokaci. Sai a naɗe shi a bargonsa, a yi masa salla a gurguje, sajensu ya ƙame ya sara masa ya ce, "An sallame ka." Da suka dawo gida suka riƙe wannan. Ba a fita da gawar ɗayansu sai wani da ya haye teku tare da shi ya sa hula ya sallame shi. A shekarar da nake magana, su biyu suka rage.

Na ce, "Baba, ka san halin da ake ciki. 'Yan bindigar nan tsofaffin sojoji ma ba su bari ba."

Ya ce, "Ni na tambaye ka halin gari? Hula na ce."

Muka hau keke napep. Lambobin suna aljihuna, haka muka daidaita, amma hular tana kan cinyarsa. A kowane shinge sai mun sauka mun wuce da ƙafa, hannu a sama. Hannun Baba na dama ba ya wuce kafaɗa, ga sanda a ɗayan. Bai yi ƙorafi ba. Abin da kawai yake tambaya shi ne ko an kira salla.

Mun tarar da ƙofar gidan da mutane kaɗan, don taro ma abin tsoro ne a kwanakin. Babban ɗan Kofur, wanda ya girme ni, ya hango hular tun daga nesa. Ya jawo mu gefe, ya rage murya.

"Baba, don girman Allah a bar wannan. Unguwar nan akwai kunnuwa. In aka ce gidan soja ne, ku za ku koma Gomari, mu ne za mu kwana a nan da yara."

Gaskiya ya faɗa, kuma Baba ya san gaskiya ce. Ya ce, "Gidanka ne yanzu. In ka ce a'a, a'a ce." Ya zauna a kan tabarma a zaure, ya kife hular a gwiwarsa. Ban taɓa ganin mahaifina ya tsufa kamar a wannan zaman ba.

An gama wanka, an sa likkafani, an kawo makara zaure. Sai muka ji muryar matar Kofur daga bayan labule. Tsohuwa ce ƙwarai, Hausarta da nauyin Barbarci. Ɗanta ta kira, amma da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Kai, ubanka ya sallami mutane da yawa, cikin rana da cikin ruwa. Ko jiya da yamma ya tambaye ni ko Bafulatanin nan yana iya tsayuwa. A rufe ƙofar waje, a bar shi ya yi. In tsoro ne, ni ma a nan nake kwana."

Ɗan ya sunkuyar da kai. Shi da kansa ya je ya tura ƙyauren.

Na maƙala wa Baba lambobinsa a kan babbar riga. Ya sa hula, ya miƙo mini sanda. Na so in riƙe shi ta baya, ya ture hannuna. Ya tsaya a gaban makarar, ya haɗa dugadugansa cikin silifas.

"Kai Babarbare," ya ce, "kullum kai ne na baya a maci, yau ka riga ubangidanka. To, ba komai."

Wani dattijo ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Baba ya fara ɗaga hannu. Hannun da bai ɗagu a shinge ba ya tashi a hankali, har yatsunsa suka taɓa gefen hula. Ya riƙe shi a nan. Liman yana tsaye yana jira.

"Kofur. An sallame ka."

Ya sauke hannu, ya cire hula, ya ce a buɗe ƙofa. Aka fita aka yi salla kamar ta kowa. Muka dawo gida kafin dokar hana fita. Da Baba zai kwanta ya ce hannun yana masa zogi, in shafa masa man zafi.

Ba abin da ya sami gidan Kofur, alhamdu lillahi. Baba ya rasu da damina ta gaba. Na je zauren ƙungiya na faɗa, kuma sun zo, tsofaffin sojojin yaƙe-yaƙen baya, sun jeru sun sara masa. Na gode musu har yanzu. Na roƙi babbansu ya faɗi kalmar, ya ce shi bai haye tekun nan ba, ba zai ɗauki abin da ba nasa ba. Ni ma ban isa ba. Muka kai Baba, muka yi masa addu'a, muka dawo. Har yau ba a sallame shi ba.