Ragowar Kofin Kinue

Furuya Tokuji mutumin Katsunuma ne. A ƙarƙashin rumfar inabi ya tashi, a nan kuma bayansa ya ranƙwafa. Ba shi da yawan magana. In damina ta kusa, sai ka gan shi yana bin nonon inabi ɗaya bayan ɗaya yana sa masa hular takarda don kada ruwa ya ɓata shi. Da yamma ya tsiyaya jar giyar ƙauyensu daga babbar kwalba cikin kofin shayi, kamar yadda ubansa yake yi, ya shanye tas. A gidansu ba a barin ragowa. Yakan ce abin da mutum ya shekara yana wahala a kansa ba a zubar da shi.

Matarsa Kinue 'yar Yamagata ce. Tudun da mahaifinta ya noma an sayar da shi tun tana amarya, masu sayen suka gina gidan matsar inabi a kai. Burinta ɗaya ne, ta je ta ɗanɗana abin da ƙasar ubanta take bayarwa yanzu. Tokuji yakan ce sai bayan girbi. Bayan girbi sai datse rassa, sai gyaran rumfa, kafin a farga lokacin huluna ya zagayo.

Sai da ciwon hanta ya kama ta sannan ya rataye almakashinsa. Likita ya yarda ta jiƙa harshe da giya, amma kada ta haɗiye. 'Yarsu ta haɗa su da wata ƙaramar mota mai zagayawa da mutane gidajen matsar inabi, daga Nagano zuwa Niigata, a ƙare a Yamagata.

Ko'ina suka je akan ba su dogon kofin gilashi, ga bokiti a gefe na tofarwa. Kinue ta iya abin nan da nan. Ta ce giyar Nagano nauyi gare ta kamar ƙasa bayan ruwan sama, ta Niigata kuwa akwai iskar teku a cikinta. Ta kurɓa, ta tofar, ta ajiye. Tokuji ya shanye nasa, ya jawo nata.

"Tsoho, ba gonarka ba ce. Bar su su zubar da abinsu."

"Dubi tafin hannun mai zubawar nan. Shi ya datse rassan."

"To sha, sarkin tausayi. In ka faɗi ba ni zan goya ka ba."

A ranar ƙarshe, saura gida ɗaya su kai tudun, suka faɗa hannun wani mai gida da ya ji manoman Katsunuma ne. Murna ta sa ya yi ta buɗe ganga bayan ganga. Tokuji bai san yadda ake ƙin abin da manomi ya miƙo ba. Da suka fito ya zauna a benci, kansa ya kwanta a kafaɗarta, barci ya kwashe shi.

Direba ya zo ya ce ta taho ita kaɗai, za a dawo a ɗauke shi. Ga tudun can tana hangensa. Ta dubi tudun, ta dubi furfurar da ke kafaɗarta, ta yi wa direba hannu ya tafi ya bar su.

Da ya farka rana ta yi ja, can saman tudun an rufe ƙofar gidan matsar inabin, washegari kuma asibiti na jiranta. Ya tambaye ta me ya hana ta tashe shi.

"Tun da na aure ka ban taɓa ganin ka yi barcin rana ba," in ji ta.

Ya ce baɗi za su dawo. Ta gyaɗa kai. Ba ta kai lokacin huluna ba.

Daga baya 'yarsu ta sa aka aiko da kwalabe daga tudun. Kullum da yamma Tokuji yakan zuba kaɗan a kofin shayin Kinue ya ajiye gaban hotonta. Bisa al'ada, in an jima mai gida ya ɗauka ya sha. Shi kuwa sai ya fita da kofin, ya durƙusa da ƙyar, ya tsiyaye shi a gindin inabi. Har yau bai san ɗanɗanon giyar tudun ba.